Turmin da Baffa Yake Zama a Kai

Ranar da muka kai Baffa makwancinsa jama'a ta taru, wannan ba zan hana ba. Sahu ya cika ƙofar gida har ya karya kwana ya shiga lungu. Amma ni ne na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, kuma kunnena ba a toshe yake ba. Akwai "Allah ya jiƙansa" da ake faɗa da zuciya ɗaya. Akwai kuma wadda ake faɗa a ƙara da "Allah ya yafe masa abin da ke tsakaninsa da bayinsa," a ja ƙarshen maganar, a saci kallona a ga ko na gane. Na gane sarai. Irin ta biyun ta fi yawa.

An ɗebo ruwa daga randar ɗakinsa an zagaya da shi. Da idona na ga dattawa biyu sun kai moɗa baki sun sauke, leɓensu a bushe. Babban ɗan Gwaggo, wanda ya kamata ya kama makara tare da ni, bai kama ba, bai kuma bi mu maƙabarta ba. Ya zo dai ya zauna a bakin zaure kusa da takalma, don kada a ce bai zo ba. Gwaggo kuwa, ƙanwar Baffa uwa ɗaya uba ɗaya, tana tsakar gida ta zuba wa ƙofar ɗakinsa ido, ko ɗigon hawaye babu. Mata suka yi ta zunguren juna suna cewa riƙo ne, har gawa ba ta yafe wa ba.

Baffa yayan mahaifina ne. Allah bai ba shi haihuwa ba, matarsa kuma ta riga shi tafiya da daɗewa. In na yi shiru, abin da zai rage nasa a cikin birnin Zariya magana ɗaya ce: malamin asibitin nan da ya kashe mijin ƙanwarsa da allura. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kuma gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauke ni mutumin kirki: a cikin masu zarginsa har da ni, kuma nawa zargin ya fi na kowa muni.

Disfensa ne, mai ba da magani da allura, ya yi shekara kusan talatin a ƙaramin asibitin unguwa kafin ya ajiye aiki. A Wusasa ya koyi aikin yana saurayi, kuma wannan kaɗai ya isa a riƙa yi masa kallon gefe a cikin ganuwa, ana cewa ya ci tuwon Mishan. Shi ma bai bar wa kowa bashin zargi ba, don ban taɓa ganin mutum mai rashin yarda kamarsa ba. In ka miƙa masa fura sai ya shinshina. In ka ce ka sha magani sai ya ce ka kawo takardar ya ga abin da ya rage. Tukunyar da yake dafa sirinji a ciki, ko inuwarka ta faɗa kanta sai ya sake dafawa. Yakan ce, "Mara lafiya ba maƙaryaci ba ne, gyara zance yake yi don kunya. Aikina in warware gyaran."

Faɗa gare shi, ba a magana. Zai wanke mace tas a kan ta bar yaro da gudawa kwana uku, ta fita tana share hawaye, kafin ta kai gida ya riga ya bi ta wata hanya ya ajiye mata magani a zaure. A jikin takardar zai rubuta lokutan sha da ajami, asuba, azahar, isha'i, don ya san bokon ba zai karantu ba. In ka zo godiya sai ya haɗe rai ya tambaye ka wa ya ce maka shi ne. Ni kuwa tun da na fara koyarwa a firamare ya laƙaba mini Tica, kuma yadda yake faɗar sunan za ka san ba yabo ba ne.

Rigimarsa da mijin Gwaggo ta samo asali ne daga gwangwanin maganin feshi. Mijin Gwaggo maɗinkin manyan riguna ne da rani, da damina kuma yana noman auduga a bayan ganuwa. Mutum ne mai raha, kowa nasa. Da maganin feshin auduga ya shigo, shi ya fara sayen famfo a unguwarmu, yana alfahari da shi. Da hannu yake dama maganin a bokiti. In bakin famfon ya toshe sai ya cire ya sa a baki ya busa. Ya gama ya goge hannu a wando ya ɓare goro.

Baffa ya san abin da ke cikin gwangwanin. Ya taɓa zuwa wani kwas inda wani likita, tsohon soja, ya gaya musu akwai gubar yaƙi da ke kama jijiyoyin mutum ta hana su sakin jiki, har numfashi ya gagara, kuma wasu magungunan ƙwari 'yan gida ɗaya ne da ita, ƙarfi ne kawai ya bambanta. Wannan magana ta zauna masa. A wani taron suna, a gaban mutane, ya ce wa mijin Gwaggo, "Abin da kake busawa da baki ƙanen gubar yaƙi ne."

Mijin Gwaggo ya yi dariya. "Haba Yaya, tsutsa fa yake kashewa. Ni ka ga na yi kama da tsutsa?"

Aka kwashe da dariya, kuma Baffa ba ya son a yi masa dariya. Ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "In ba ka bari ba, ba za ka ga cirar audugar bana ba." A ranar kowa ya ɗauka faɗan Baffa ne na kullum. Daga baya babu wanda bai tuna da kalmomin ba, har waɗanda ba su je sunan ba.

A daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama abin ya faru. Da hantsi aka kawo mijin Gwaggo daga gona a kan jaki, mutum biyu na riƙe da shi. Kafin labari ya iso mana an riga an ɗura masa manja da nono, kamar yadda ake yi wa duk wanda ake zaton ya ci guba. Na ɗauko wa Baffa jakarsa muka tafi. Abin da na gani a ɗakin nan har yau yana idona. Yawu na zuba kamar an buɗe tulu, gumi ya jiƙa tabarma, naman fuskarsa da na cinyarsa na ta rawa su kaɗai. Ƙirjinsa na kurari. Baffa ya buɗe masa ido ya nuna mini, baƙin tsakiyar ya tsuke ya koma ɗan ɗigo.

Tsofaffin matan gidan sun riga sun yanke hukunci. Wata ta ce iska ce ta buge shi a gindin tsamiyar gona, wata ta ce sammu ne. Abin da suka haɗu a kai shi ne irin wannan ciwon ba ya son allura. Kowa a birni ya tashi da sanin haka: akwai ciwon asibiti, akwai wanda in ƙarfe ya taɓa mai shi, sai dai a haƙa rami. Gwaggo ta riƙe ƙafar Baffa ta ce, "Yaya, don girman Allah kada ka huda shi."

Ko kallonta bai yi ba. Ya sa aka tuɓe wa mutumin kayan gona aka wanke shi da sabulu, ya buɗe jaka. Kwali biyu na gani a ciki, na 'yan kwalaben allurar da yake kira atirofin. Ya fasa na farko ya fara. Ya yi ɗaya a cinya, ya jira, ya saurari ƙirji, ya ƙara. Da ya ga shiru sai ya ce in matse masa dantse, ya koma jijiya. Ina riƙe da hannun ina ƙirgawa a zuci har muka kai takwas. Na ce, "Baffa, ba ta yi yawa ba?"

Bai ɗago ba ya ce, "Kai da kake lafiya, in na yi maka biyu ko uku, bakinka zai bushe ka fara sambatu. Shi ga takwas, taɓa goshinsa." Na taɓa, sharkaf. "Ka gani? Gubar ta riga ta cika gidan, abin da na zuba bai kai ya tsaya mata ba. Kuma jininsa ba ya gudu yadda ya saba. Waɗanda na yi a cinya suna nan kwance a nama, ba su tashi sun shiga jini ba tukuna. Ba allurar da ka yi ake ƙirgawa ba, Tica, wadda ta isa ake ƙirgawa. Ita kuwa ba a kwalba ake ganinta ba, a ƙirji ake jinta."

Wajen azahar kwalin farko ya ƙare, kuma mutumin ya canja. Yawun ya tsaya, kurarin ya ragu, jikinsa ya bushe ya ɗauki zafi, fuskarsa ta yi ja. Sai ya fara fizge-fizge yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta rasu tun yana yaro. Mata suka sa salati, don a wurinsu wanda ya fara kiran matattu ya kama hanya. Baffa kuwa a ranar nan ne kaɗai na ga haƙoransa. Ya ce, "Yanzu magani ya hau kan guba. Amma ba ya daɗewa a jini, ita kuwa tana nan. In ya sauka za ta taso, sai an yi ta bi." Ya ce mu yi salla maza mu dawo.

A zaure muka yi. Muna zaman tahiya na ji ƙarar taɓarya daga cikin gida, bugu huɗu ko biyar, aka yi shiru. Na ɗauka wani sassaƙe ake dakawa, ban sa a raina ba. Baffa yana sallamewa ya shige. Ni wani maƙwabci ya tsare ni da tambayar jiki. Da na shiga na tarar da shi tsaye a tsakar gida, jaka a hannu, fuskarsa kamar ba shi ne ya yi murmushi ɗazu ba.

Ya ce, "Magani ya ƙare. Hau keke ka je Wusasa wurin abokina nas, ka ce ya ba ka duk abin da ya samu."

Na ce, "Baffa, ai na ga kwali na biyu."

Ya ce, "Ka ga abin da ka gani. Hau keke."

Na fita ta Ƙofar Kuyambana ruwa na dukana, taɓo na kama taya. Abokin nasa bai ɓata lokaci ba, ya haɗa mini ya ce in yi sauri. Ban dawo ba sai bayan la'asar, kuma tun daga bakin lungu na ji kururuwa. Ina shiga na ji muryar Gwaggo a kan ta kowa: "Ka huda shi, ka huda shi, sai da ka kashe shi! Na roƙe ka, Yaya!" Baffa na tsugune a gefe yana wanke sirinji. Bai ce uffan ba, a ranar ko bayanta.

Sai kuma ya yi abin da ya ƙarasa shi. Da aka dawo daga maƙabarta ya shiga gidan, ya ɗauki turmin Gwaggo, ya saɓa a kafaɗa, tsoho da furfurarsa, ya ratsa unguwa da shi har ɗakinsa. Kafin magariba an gama haɗa labarin. Ya yi wa mutum baki a gaban jama'a, ya zo ya cika da allura, ya kuma ɗauke turmin da ya daka abin da ya daka a ciki. Wasu suka ce a kai shi gaban alƙali, dattawa suka ce a bar wa Allah, zumunci ne. Aka bar wa Allah, aka kuma bar Baffa. Masu zuwa karɓar magani suka ɗauke ƙafa. A masallaci akan bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi.

Turmin kuwa ya kife shi a ƙofar ɗakinsa daga ciki, ya mai da shi kujera. A kai yake cin abinci, a kai yake lazimi. Da bikin wata ƙanwarmu matata ta je aro, ba ta san komai ba, ya daka mata tsawar da sai da ta yi kwana biyu ba ta gaishe shi ba.

Ni ban yarda da zancen baki da sammu ba, ina ji da bokona. Abin da na ɗauka shi ne hannunsa ne ya zarce, ya gane, ya ɓoye kwali na biyu don kada a ce. Na daina kai masa iyalina. Wata rana ya tare ni a zaure ya ce, "Tica, na ji tarin 'yarka tun shekaranjiya. Ka canja likita ne?" Na ce a'a, sauƙi ne ya samu. Ya dube ni, irin kallon da yake wa mai gyara zance, ya ce, "To, Allah ya ƙara sauƙi." Da safe na ga ƙullin magani a kan takalmina. Kunyar abin da na yi da ƙullin nan ba za ta bar ni ba: a masai na jefa shi.

Shekara uku bayan haka Allah ya kama ni da hannuna. Na sayi wake buhu biyu don ajiya, wani ya ce in yayyafa maganin feshi ƙwari ba za su taɓa ba. Ni mai koya wa yara tsabta, na shige ɗaki na rufe ƙofa da zafin bazara ina yayyafawa, gwangwanin ya tuntsure a rigata, na ce bari in gama tukuna. Abin da na fara lura da shi, rana tsaka ta koma mini kamar magariba. Sai amai, sai ƙirjina ya cika kamar ina shaƙar ruwa.

Na farfaɗo na ga Baffa a kaina da sirinji. Da ɗan numfashin da ya rage mini, a gaban matata, na ce, "Baffa, kada ka yi mini allura." Na ga maganar ta shige shi. Sai ya ce, "Ka zarge ni gobe. Yau dai miƙo hannu."

Sauran a bakin matata na ji. Ya kori kowa, ya bar ta ita kaɗai, ya sa sakata. Kwalayen maganin ya danne su a ƙarƙashin cinyarsa, ko salla a zaune ya yi ta a kansu. Duk kwalbar da ya fasa sai ya jefa a kwanon sha, ya saurari ƙirjina, ya sa hannu a hammatata ya ji ko ta bushe. Na yi zafi, na yi sambatu, an ce har na kira kakata. Da maganin ya sauka yawu ya dawo, ya ƙara. Sai da ya ga zan iya jure hanya ya sa aka nemo mota aka kai ni babban asibiti, kuma can ma abin da suka ci gaba da yi mini ke nan. Kwanon da aka bari a gida, abin da ke cikinsa ya ninka na mijin Gwaggo har da ɗoriya.

Unguwa ba ta canja ra'ayi ba. Cewa aka yi ni mai sauran kwana ne, allurar ma ta kasa ni. Ni kuwa a nan ne zuciyata ta yi mummunan juyi. Na tabbata allura ba ta kashe mijin Gwaggo ba, tsayar da ita ne ya kashe shi. To, wa ya tsayar? Wa ya ce magani ya ƙare alhali na ga kwali cike? Mutumin da ya tsamo ni daga bakin kabari, na koma ina kallonsa ina tunanin ko da gangan ya bar wancan ya tafi, don dariyar da aka yi masa a wurin suna. Na kasa haƙuri na tambaye shi, yana zaune a kan turminsa. Na ce, "Baffa, kwali na biyun nan fa?" Ya ce, "Ka warke ko? To je ka yi aski, ka yi kama da mahaukaci."

Akwai abu ɗaya da matata ta gaya mini wanda ban ba shi muhimmanci ba. Ina asibiti Gwaggo ta zo dubiya gida. Ta ga kwanon nan a bakin ƙofa, ta tambaya, aka ce na allurar da aka yi mini ne. Ta tsuguna ta riƙa juya kwalaben da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Duk wannan, kuma yana da rai?" Aka ce har ya sha kunu. Sai ta miƙe ta fita, ta bar takalmanta. Daga ranar ba a sake jin ta ambaci Baffa da mugun abu ba, ko da alheri. Na fassara shi da cewa baƙin ciki ne, nata ya tafi, na wani ya tashi.

Baffa bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ya yi, yana ƙin duk maganin da bai karanta takardarsa da kansa ba. Ya cika da hantsi, ina riƙe da kansa. Na so in nemi gafararsa, na kuma so in sake tambayarsa, amma ban yi ko ɗaya ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni, kafin kalmar shahada, ita ce, "Turmin nan, kada a daka komai a ciki."

Ranar sadakar bakwai mata suka taru dakan gumba, turame suka yi kaɗan. Ina zaure da maza, ban san wata ta shiga ɗakin Baffa ta mirgino nasa ba. Sai muka ji ƙara daga cikin gida: "Kada ku zuba! Kada ku zuba gero a ciki!" Na ruga. Gwaggo ce, ta rungume turmin, ta ture mai ƙwaryar gero har ya zube. Ta juya bakinsa wajen rana ta ce mini, "Zo ka duba."

Na leƙa. Can ƙasa, a cikin naman icen, wasu ƙananan abubuwa na ƙyalli. Na sa yatsa, na janye da jini. Gilashi ne.

Ba ta tsaya a nan ba. Ta ja mayafi ta taka har bakin zaure, ta tsaya a bayan asabari inda maza za su ji, dangin mijinta na ciki, ɗanta na wajen takalma inda ya saba zama. Muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ku saurara, ni ce. Ranar da Yaya ya fita salla, na ji maigidana na kiran uwarsa, na ce allura ce za ta ƙarasa shi. Na ɗauke kwalin da ya rage a jaka na zuba a turmi na daka. Ceto na yi niyya, Allah shi ne shaida. Yaya ya shigo ya same ni da taɓarya a hannu. Ya leƙa turmin, ya dube ni, ya kife shi, bai ce mini komai ba. Ni kuma na tashi na tara masa jama'a."

Ta ci gaba.

"Sai da na ga kwanon yaron nan na san abin da na aikata. Na je na same shi na ce, Yaya, da ban daka ba fa? Ya ce kwanansa ne ya ƙare, tashi ki tafi. Na ce zan faɗa. Ya ce in kin faɗa za a karɓe yaranki, su tashi suna kallonki a wadda ta kashe ubansu. Ya ce, ni ba ni da ɗa da zai ji kunyar sunana, bar shi a kaina. Ya sa na rantse ba zan buɗe baki ba yana raye. To, yau ba ya raye."

A nan ne ta yi kukan da mata suka yi kwana bakwai suna jira. Babu wanda ya san inda zai sa idonsa. Dattawan nan biyu masu moɗa suka sunkuyar da kai suna jan carbi da sauri. Ni kuwa bugun taɓaryar nan huɗu ko biyar ya dawo mini a kunne. Na ji shi da kaina a ranar, ina zaune a bayan Baffa, kuma cikin shekara bakwai da na yi ina haɗa zargi ina warwarewa, ko sau ɗaya ban tuna da shi ba.

Ɗan Gwaggo ya daɗe a zaune. Ya tashi ya shiga ya kama uwarsa ya zaunar da ita, ya gyara mata mayafi. Sannan ya dawo ya tsaya a kaina, ƙato da gemunsa, ya ce, "Yaya, ban san inda aka sa kawuna ba. Za ka nuna mini?" Muka tafi mu biyu da rana tsaka. Na nuna masa. Ya durƙusa ya dafa ƙasar, ni ma na durƙusa kusa da shi, don gafarar da ya zo nema ita nake nema.

Turmin yana ɗakina yanzu, a kife. Ran nan na ce bari in zauna a kai in ji. Gindin turmi ƙanƙane ne, ga tauri, ga gefe mai cin cinya, ko rabin sa'a ban yi ba na miƙe. Baffa shekara bakwai ya yi a kai.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mai faɗa, mai shinshina fura, wanda bai yarda da kowa ba amma ya rufa wa kowa asiri. Ka rufa masa nasa, ka yalwata masa wurin kwanciya, ka ba shi mazauni mai taushi. Mu kuma da muka sha ruwan hannunsa muna zarginsa, ka sa ya yafe mana, don ni dai ban samu bakin roƙonsa ba.